Waya mai magana da waya mai nunawa: yadda makaho da kurma ke karatu a ajinmu



Da Malam ya zo raba wa kowane aji abin da zai rubuta a littafin bana, mu 'yan aji shida muka roƙi a bar mana wannan batu, don shekara guda cur muka yi muna fama da shi. A ajinmu akwai ɗan uwanmu da ba ya gani. Akwai kuma wata ƙanwarmu da ba ta ji, tun da sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, tana biyo yayarta ranar Asabar da Lahadi. Ba za mu faɗi sunansu ba, su suka ce a bari, kuma dai ai mutanen Zongo sun san su.

Makaho ba baƙo ba ne a makarantar addini. Duk mun karanta dalilin saukar Suratu Abasa: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah ya ƙara masa yarda, ya zo wurin Annabi (SAW) neman ilimi yana makaho, daga baya ya zama ladani tare da Bilal, har ana barin sa ya ja sallah a Madina idan Annabi ya yi tafiya. Haddar Alƙur'ani da kunne ake yin ta, shi ya sa ɗan uwan namu ya fi yawancinmu tilawa. Wallahi idan muka ɓata aya, tun kafin Malam ya ɗaga kai shi ya riga ya gyara mana.

To amma islamiyya ta yanzu ba hadda ce kaɗai ba. Akwai nahawu, akwai imla'i, akwai fikihu da ake rubutawa a baƙin allo mu kwafe a littafi, ga jarrabawa a takarda ƙarshen zango. Da zarar Malam ya ɗauki alli ya juya baya, karatun ɗan uwanmu ya tsaya ke nan, sai ya zauna yana jin ƙarar biro. Ita kuwa ƙanwarmu, nata ya fi nasa tsanani. Lokacin da aji ke amsa karatu da murya ɗaya, leɓɓa kawai take gani suna motsi. Mun daɗe muna zaton ba ta da ƙwaƙwalwa, Allah ya yafe mana. Ashe ba a taɓa kai mata karatun ta ƙofar da take buɗe ba.

Mu fara da rubutun makafi, don shi ne tsohuwar dabara, kuma har gobe babu wayar da ta maye gurbinsa. Wanda ya ƙirƙiro shi yaro ne kamar mu. Sunansa Louis Braille, an haife shi a ƙasar Faransa a 1809. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da basilla a shagon mahaifinsa, wanda baduku ne mai ɗinkin kayan doki, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance. Yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun, aka buga shi a littafi a 1829. Ɗigo shida ne kawai masu tudu, uku a hagu uku a dama, waɗanda kan yatsa ɗaya zai rufe. Idan aka sassauya waɗanda suka taso da waɗanda ba su taso ba, ana samun siffa 63, sun ishi haruffa da lambobi da alamomi.

Larabci ma yana da nasa. Alif ɗigo ɗaya ne a sama ta hagu, ba'un kuma ɗigo biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Abin da ya ba mu mamaki shi ne Larabcin makafi daga hagu zuwa dama ake karanta shi, kuma fataha da kisira da rufu'a ba sa hawa sama ko ƙasan baƙi, a gabansa ake jera su cikin layi. Shi ya sa Alƙur'anin makafi ba ya shiga littafi ɗaya, sai manyan kundaye da dama masu kauri. Kayan rubutun kuwa ba su da wani tsada sosai: ɗan faranti mai ramuka da ake maƙala takarda a ciki, da tsinke mai kan ƙarfe. Ana huda takardar ta baya, daga dama zuwa hagu, sannan a juya ta a shafa. Ba ya son kuran, ba ya son caji.

Ɗan uwanmu ya koyi wannan rubutu ne a cibiyar makafi ta Segbeya, can Akpakpa ƙetaren gada, inda ake koya wa yara makafi karatun lakwal da Faransanci har su zana jarrabawar CEP kamar kowa. Iyayenmu da yawa ba su san da wurin ba, alhali kuɗin zem ne tsakaninmu da shi. Baƙaƙen Larabci kuma a hankali ya haɗa su, tunda da yawansu ɗigonsu ɗaya da na takwarorinsu na boko.

Sai waya. Kusan kowace wayar Android da ke aljihun babanninmu tana da wani abu a ciki mai suna TalkBack, na iPhone kuma VoiceOver. Ba saye ake yi ba, yana nan kwance a wurin saiti, kunna shi kawai ake yi. Idan an kunna, duk inda yatsa ya taɓa a fuskar wayar sai ta faɗi abin da ke wurin, in kana son ka buɗe sai ka ƙwanƙwasa sau biyu. A kwamfuta akwai irinsa mai suna NVDA, kyauta ne, kuma wasu samari biyu makafi 'yan Ostareliya ne suka gina shi, an fara a 2006. Ɗan uwanmu yana sa muryar tasa da sauri har mu ba ma gane abin da take faɗa, shi kuwa ya gama karanta saƙo uku.

Amma fa akwai inda take kasawa, kuma ya kamata a sani. Muryar da ke wayarsa ta Faransanci ce. Ranar da ta karanta masa saƙon Hausa a gabanmu, sai da Malam ya tsawata mana saboda dariya, domin ƙ da ɗ da ts duk ta haɗiye su. Ya sa mata muryar Larabci, ta ɗan yi dama-dama, sai dai idan rubutu ba shi da wasali takan yi ta zato, ta ɗora fataha inda kisira take. Malam ya yanke hukunci a nan take: ba a ɗaukar Alƙur'ani daga bakin na'ura mai haɗa haruffa. Wanda ake saurare shi ne karatun alaramma da aka naɗa. Wannan ma ba sabon abu ba ne, tun 1961 Shehu Mahmud Khalil al-Husari ya naɗi Alƙur'ani sukutum a Masar, kuma akwai naɗinsa na koyarwa da yake karantawa a tsanake don mai koyo ya maimaita. Sai dai a kula da ruwaya. Tsofaffinmu na makarantar allo Warshu suka taso da ita, mu a islamiyya Hafsu muke yi. Kafin a loda wa yaro karatu a katin waya, a tambayi malaminsa wacce yake biya masa, kar a rikita shi.

Abin da ya fi yi masa amfani duk shekarar nan bai kai waɗannan wuya ba. Naɗar murya ce kawai. Malam ya yarda a ajiye waya a gabansa lokacin darasi, kuma ya ɗauki wata al'ada: duk abin da hannunsa ke rubutawa a allo, bakinsa na faɗa. Ya daina cewa "wannan kalmar ita ce fa'ili", sai ya kira kalmar da sunanta. Mu kanmu masu ido mun fi ganewa tun da aka fara haka. Bayan an tashi, ɗayanmu ya karanta abin da muka kwafa, a naɗa, a sa wa kowane naɗi suna da ranar darasi. Da farko ba ma sa suna, sai ga muryoyi sun fi hamsin a wayarsa bai san wanne ne na alwala wanne ne na gado ba.

Ga kurma kuwa, duk wannan bai tsinana komai ba. Ita ido ne ƙofarta, harshenta kuma hannu. Maganar hannu harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, ba nune-nune ba ne kamar yadda muke yi wa wanda ke nesa a kasuwar Dantokpa. Kuma ba iri ɗaya ba ce ko'ina. Kuramen Kano suna da tasu ta gado da suke kira maganar hannu. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na nan Benin ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hanyar wani kurma baƙar fata ɗan mishan mai suna Andrew Foster, wanda ya buɗe makarantarsa ta farko a Gana a 1957, ya bi ƙasashen Afirka da yawa yana buɗe wasu, har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. A nan Kwatano akwai makarantar kurame a Vedoko. A Louho ta Porto-Novo kuma akwai wadda ake haɗa yara masu ji da marasa ji a aji ɗaya, kowa ya koyi hannu. Wannan ta burge mu ƙwarai, don ta nuna ba dole sai an ware su ba.

Me waya ke yi wa kurma? Babban abu shi ne bidiyo. Kafin kiran bidiyo, kurma ba ya iya hira da hannu ta tarho. Yanzu ƙanwarmu tana hira da ƙawayenta na lakwal da hannu, kowa na gidansu. Mu ma da bidiyo muka koya mata alwala da sallah: yayarta ta tsaya a inda haske yake, ta yi kowane aiki a hankali, muka ɗauka, muka rubuta sunan aikin a takarda muka nuna kafin kowane mataki. Ta kalla ta sake kalla har ta iya, ranar da ta yi a gaban Malama babu gyara ko ɗaya. A ƙasar Indunusiya har akwai makarantun da kurame ke haddace Alƙur'ani suna fitar da baƙaƙen Larabci da yatsu, harafi bayan harafi. Mun kalli bidiyonsu tare da ita, ta hana a kashe.

Akwai kuma manhajar da ke mai da magana rubutu nan take, irin Live Transcribe da kamfanin Google ya fitar a 2019. Mun gwada. Idan mutum ɗaya na Faransanci a ɗaki shiru, tana kamawa. A ajinmu kuwa, ga ƙananan aji suna biya karatu ta taga, ga hon ɗin 'yan zem a titi, ga Malam yana haɗa Hausa da Larabci a jimla ɗaya, abin da ta rubuto ko mai shi bai gane ba. Na'urar da ake maƙalawa a kunne ma mutane suna ɗauka tana warkar da kurumta. Ƙara sauti kawai take yi, tana taimakon wanda yake da sauran ji, kuma sai likita ya auna kunnen an daidaita ta da shi. Tana cin batir, ga danshin garin nan na bakin teku ba ya barin ta lafiya. Don Allah kar a saya wa yaro a tebur a cusa masa.

Yanzu ga kuskuren da ya koya mana abin da ya fi komai. Muna da zauren WhatsApp na aji, a wayoyin iyayenmu. Kafin jarrabawar zango na biyu, ɗayanmu ya ɗauki hoton allo mai ɗauke da babukan da za a tambaya, ya tura. Kowa ya gode. Ɗan uwanmu ya taɓa saƙon, wayarsa ta ce masa "hoto", ta yi shiru. Bai faɗa wa kowa ba, kunya ta hana shi, ya shiga jarrabawa da rabin shiri. Da muka gane, sai muka ce to daga yau murya za a riƙa turawa. Sati biyu bayan haka aka ɗaga karatun Lahadi saboda walima, aka sanar da murya. Yayar ƙanwarmu ta yi tafiya, ita kuma ta ga saƙo ya shigo ba ta san me ke ciki ba. Ta yi wanka ta sa hijabi ta zo, ta tarar da ƙofa a kulle, ta zauna a dakali har azahar.

Abin da muka buɗe wa ɗaya, shi muka rufe wa ɗaya, kuma da waya guda. Tun daga ranar muka sa doka: duk sanarwa sai an buga ta da rubutu, ba hoton rubutu ba. Rubutun da aka buga, ita tana gani, shi kuma wayarsa tana karanta masa. Idan Hausa ce mai tsawo, a bi ta da murya saboda shi. Idan hoto ne dole, a rubuta abin da ke ciki a ƙasansa. Minti biyu yake ƙara wa mai turawa.

Ƙasarmu ta yi doka a 2017 kan kare haƙƙin masu naƙasa, har da haƙƙinsu na karatu. Amma doka ba za ta zo ta yi wa waya caji ba. Wayar da ɗan uwanmu ke riƙewa tsohuwar ta kawunsa ce, fuskarta a tsage, shi bai damu ba tunda ba kallo yake yi ba. Wannan ya sa muka yi tunani: wayoyi nawa ne ke kwance a cikin durowa a gidajen Zongo don gilashi ya fashe, alhali lasifikarsu lafiya lau? Kuma yara nawa ne ke zaune a tsakar gida, ba lakwal ba islamiyya, don an ɗauka ba su da rabo a karatu? Mu dai a layinmu kaɗai mun ƙirga uku.

Jarrabawar ƙarshen shekara, ɗan uwanmu da baki ya amsa, Malam na rubuta maki, imla'i kuma ya huda a takardarsa ya karanto harafi-harafi. Ƙanwarmu ta rubuta Fatiha da hannunta daga ka, ba ta kalli littafi ba. Baɗi muna son mu koyi baƙaƙen hannu gaba ɗayanmu, ita ta ce za ta koyar, minti goma kafin a tashi ranar Asabar. Wanda yake da tsohuwar waya, ko katin waya, ko abin saurare na kunne da ba ya amfani da shi, ya kawo ofishin shugaban makaranta bayan la'asar. A goge hotunan ciki tukuna.

'Yan aji shida