Daga Kantin Kwari Zuwa Ƙofar Mai Oda

Kwastoma ta ga hoton leshi a Instagram, ta yi magana ta WhatsApp, an daidaita, ta turo kuɗi, alat ya shigo. A nan ne sabon ɗan kasuwar intanet yake ɗauka ciniki ya faɗa. Alhali leshin yana Kantin Kwari, mai shi tana Legas, tsakaninsu tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma wani mutum da dukkansu ba su sani ba shi zai riƙe kayan kwana biyu ko uku. Yawancin ribar da sababbin shiga suke nema su rasa, a wannan tsakanin take zubewa.

Hanyar da aka fi bi a Arewa ita ce ta tasha, abin da 'yan harkar suke kira webil. Ka ɗaure kaya, ka rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da maka a jikin leda, ka kai Unguwa Uku idan Kaduna ko Abuja za su, ko wurin manyan motocin Sabon Gari idan Kudu ne. Ɗan kamasho zai ɗaga ƙunshin ya jinjina, ya yanke kuɗi da ido, ya cusa shi ƙarƙashin kujera. Da yamma sai wayar mai oda ta yi ƙara: "Hajiya, na iso Jabi, a turo a karɓi saƙo, ni juyawa zan yi." Ga araha ga sauri, kuma direbobi da yawa sun fi wasu kamfanoni riƙon amana. Matsalar ita ce sau da yawa babu rasit, babu inshora. Idan ruwa ya jiƙa atamfa, ko wani ya karɓe saƙon da ba nasa ba, abin da za ka ji shi ne "sai haƙuri". Don haka waɗanda suka daɗe a harkar ba sa barin tasha sai sun ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, sun karɓi lambar direban, sun tura wa mai oda nan take. Inda ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW yake rubuta saƙo a littafi, gara a biya ɗan ƙarin a bi ta nan.

Kamfanonin aika saƙo irin su GIG Logistics da DHL da sashen EMS na hukumar gidan waya ta NIPOST sun fi tsada, amma suna ba da lambar bin sawu, wadda kai da mai oda za ku riƙa dubawa ku ga inda kaya suka kwana. Sai dai akwai wani lissafi da yake ba sabon shiga mamaki a gaban kanta. Ba nauyin sikeli kaɗai ake biya ba, har da wurin da kaya suka cinye a cikin mota ko jirgi. DHL, alal misali, yakan ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, ya raba da 5,000, abin da ya fito shi ne nauyin girma, kuma tsakaninsa da na sikeli wanda ya fi yawa shi za a caje ka. Kwali mai santimita 40 da 30 da 30 zai ba da kilo 7.2, ko da jakunkuna biyu ne a ciki da ba su wuce kilo 2 ba. Wanda ya tsinci ƙaton kwalin taliya ya jefa ƙaramin kaya ya cike gurbin da jarida, iska ya biya wa kuɗin mota.

Wanda kuma ya buɗe shago a manyan kasuwannin intanet irin Jumia da Konga, waɗanda dukkansu suka fara aiki a 2012, an ɗauke masa wahalar neman direba, an ɗora masa ta agogo. Da oda ta shigo akwai ƙayyadadden lokacin da za ka naɗe kaya, ka manna takardar oda, ka kai wurin ajiyarsu. Jinkiri ko soke oda yana rage maka maki, ragin maki kuma yana tura kayanka can ƙasan shafi inda ba mai gani. A nan wata ɗabi'a tamu take cutarwa: mutum ya ɗauki hoton kaya a shagon maƙwabci ya ɗora, sai an yi oda ya koma ya tarar an sayar da kalar. A WhatsApp za ka iya lallashi ka ce ga wata mai kyau. Na'ura ba ta jin lallashi.

Sai batun a biya idan kaya sun iso. Mai saye yana son haka domin an sha turo masa abin da bai yi kama da hoto ba, kuma yana da gaskiyarsa. Amma idan ya ƙi ɗaga waya, ko ya ce ya fasa, kai za ka biya kuɗin zuwa da na dawowa, jarinka kuma ya yi mako yana yawo a hanya. Hatta Konga ta taɓa dakatar da wannan tsari a 2017. A ganina ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan kasada gaba ɗaya. Mafi ƙaranci, a karɓi kuɗin aikawa tun kafin kaya su bar hannu, domin wanda ya sa kuɗinsa ba ya kashe waya ranar da saƙo ya iso.

Adireshi ma aiki ne. Najeriya tana da lambobin gidan waya masu alƙaluma 6, amma kaɗan ne suka san nasu. Abin da yake kai mai babur ƙofar gida shi ne kwatance: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai baƙin get kusa da mai nika. A nemi lambar waya biyu, a nemi mai oda ya turo alamar wurinsa ta WhatsApp.

Kayan da muka fi shahara da su kuwa su ne mafi wuyar tafiya. Kwalbar humra idan ba a ɗaure murfinta da salatif ba, aka sa ta a leda biyu, aka raba ta da 'yar'uwarta da ɓallen kwali, to kafin Zariya ta tsiyaye a kan shaddar wani. Turaren da aka haɗa da sinadarin da ke kama wuta yana cikin kaya masu haɗari a dokokin jiragen sama, haka ma batirin waya, shi ya sa kamfani zai iya ƙin karɓa ko ya bi da su ta ƙasa. Kilishi da dambun nama suna tafiya lafiya a cikin gida, amma Ingila da Amurka suna da tsauraran dokoki kan shigar da nama, kuma jami'an kwastan suna iya ƙwacewa su lalata, ko da ɗan'uwa aka aika wa.

Kuɗin aikawa kansa ba ya zama wuri ɗaya. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin saƙo ya bi ta. Masu tallar "kai kaya kyauta" sun riga sun cusa kuɗin a cikin farashi, wanda ya kwaikwaye su bai yi wannan lissafin ba daga aljihunsa yake biya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba ƙasar gida uku, cikin gari da jihohin kusa da na nesa, kowanne da kuɗinsa a rubuce, a riƙa sabuntawa.

Idan kuma kaya suka isa a fashe, mai saye ba direba ya sani ba, kai ya ba kuɗi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC take aiwatarwa, ta ba shi damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa abin da aka kwatanta masa. Gara a rubuta sharuɗɗan mayarwa tun kafin a karɓi kuɗi, a kuma ɗauki bidiyon kaya lokacin naɗewa. Lokaci ma abin lura ne: a goman ƙarshe na azumi motoci suna cika maƙil, kuɗin saƙo yana hawa, telan mai oda kuma yana jiran yadi. Masu sayar da kayan Sallah da suka san hanya sukan sanar da ranar rufe karɓar odar nesa tun azumi yana tsakiya.