Sulo Cikin Ƙanƙara: Abin da Injin Dizal Yake Buƙata Idan Sanyi Ya Tsananta

A birnin Yakutsk da ke gabashin Saberiya ta ƙasar Rasha, sanyin watan Janairu yakan zauna a wajen digiri 40 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyos. Mai mota a can, idan ba shi da garejin da ake ɗumamawa, dabara ta rage masa. Ko ya jingine motar har sanyi ya wuce, ko ya lulluɓe ta da bargo na musamman, ko kuma ya bar injin yana aiki tun safe har ya tashi daga wurin aiki. A arewacin Kanada da jihar Alaska ta Amurka ma, manoma da 'yan kwangila da ma'aikatan rijiyoyin mai sun saba barin manyan a-kori-kurarsu masu shan dizal, irin su Ford Super Duty da Ram da Chevrolet Silverado, suna sulo na tsawon sa'o'i babu kowa a ciki. Hujjarsu ɗaya ce: in ka kashe ta, ba lallai ne ta sake tashi ba.

Tsoron nan yana da tushe. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ƙyasta wuta kamar na fetur. Tun wanda Rudolf Diesel ya kammala a birnin Augsburg na Jamus a 1897, sirrin aikinsa matse iska ne. Fistin yakan danne iskar da ke cikin silinda har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya feso mai, man ya kama da kansa. To idan ƙarfen injin ya kwana cikin ƙanƙara, shi zai tsotse zafin nan kafin mai ya iso. Shi ya sa aka sanya wa injinan Power Stroke na Ford da Duramax na General Motors wasu 'yan sandunan lantarki da ke yin ja wur a cikin silinda kafin a tayar, shi kuwa Cummins da ya daɗe a cikin Ram aka san shi da raga mai zafi a hanyar shigar iska.

Ga shi batir yana rasa babban kaso na ƙarfinsa a cikin sanyi, daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, juya injin ya ƙara wuya. Dizal ɗin kansa ma ba ya tsira. Akwai kaki narkakke a cikinsa, wanda yakan fara daskarewa da zarar an gangara 'yan digiri ƙasa da sifiri, kamar yadda man shanu ke sandarewa a kwalba da hunturu. Man ya yi hazo-hazo, ya toshe filta, injin ya mutu ko da tanki a cike yake. Saboda haka gidajen mai a waɗannan ƙasashe sukan sauya zuwa dizal na lokacin sanyi, wanda ake gauraya shi da dizal mai lamba 1, ɗan'uwan kananzir, mai jure sanyin da ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifiri.

Duk wannan magana ce ta tayar da inji. Bayan ya tashi kuwa, labari ya sha bamban, kuma a nan ne al'adar ta yi hannun riga da yadda injin yake aiki.

Injin dizal marowaci ne a sulo. Yana zuƙar iska mai yawa, yana ƙona mai ɗan ƙanƙani, don haka zafin da yake samarwa bai taka kara ya karya ba. Iskar da yake zuƙa ɗin kuma mai sanyi ce, tana fita ta salansa da ɗan zafin da aka samu. Idan direba ya kunna hita a cikin mota, ita ma daga ruwan injin take ɗiban nata rabon. Sai ka ga a-kori-kura ta yi rabin awa tana sulo, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Har ma yakan faru injin da ya ɗau zafi a kan hanya ya dinga hucewa a hankali idan aka bar shi yana sulo cikin tsananin sanyi. Nauyi ne yake ɗumama dizal: tafiya, jan kaya, hawan tudu.

Injin da ke aiki da sanyin jiki kuwa ba ya ƙona mansa sarai. Ragowar man yakan wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ya silale ta gefen ringi ya gangara cikin kwanon baƙin mai, ya tsinka shi. Wani kuma ya haɗu da kunkunniya ya zama baƙin danƙo a hanyar hayaƙi da cikin turbo. Tururin da ƙonewar mai ke haifarwa ya taru ya koma ruwa, babu zafin da zai kore shi. Ɓarnar ba ta bayyana a mitar kilomita, tunda taya ba ta juya ba. Shi ya sa manyan a-kori-kura na yanzu suke ƙidaya sa'o'in aikin inji, kuma masu ƙera su suke saka yawan sulo cikin aikin wahala da ke wajabta juyen baƙin mai da wuri.

Tsofaffin injina sun fi jure wannan. Daga 2007 dokokin Amurka suka tilasta sanya matatar kunkunniya a salansar motocin dizal, wadda ke kama baƙin hayaƙi ta tara. Idan ta cika, dole a ƙone abin da ta tara, aikin da ke son zafin da ya kai wajen digiri 600. Sulo yana ƙara mata kunkunniya, yana kuma hana ta zafin da za ta tsabtace kanta, har ta toshe, kwamfutar motar ta rage wa injin ƙarfi, mai ita ya nufi gareji da kuɗi masu kauri. Daga 2010 kuma aka ƙara tankin wani ruwa da ake fesawa cikin hayaƙi don rage gubarsa, wanda Turai ta sani da AdBlue. Kashi 32.5 cikin ɗari nasa yuriya ce, dangin wadda manomanmu ke zubawa a gona, sai dai tatacciya. Yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri, amma motar tana da hitar da ke narkar da shi bayan an tashi, don haka ba ya zama hujjar kwana da inji a kunne.

Maganin matsalar ya girmi yawancin direbobin da ke fama da ita. A 1949 wani injiniyan lantarki daga jihar Dakota ta Arewa, Andrew Freeman, ya yi rajistar wata ƙaramar hita da ake ɗaurawa a jikin inji a jona ta da wutar gida. Jikokinta ne ake gani yau a Fairbanks ta Alaska da Winnipeg ta Kanada da biranen Finland, inda wuraren ajiye motoci ke da soket a jikin turaku, kowace mota da 'yar wayarta tana reto a gaba. Awa biyu zuwa huɗu a jone sukan isa. Inda babu lantarki, akwai hitocin kamfanonin Jamus irin su Webasto da Eberspächer, masu shan ɗan dizal daga tankin motar su ɗumama ruwan injin da ɗakin direba ba tare da an tayar da injin ba. A haɗa da baƙin mai na musamman mai saurin gudana da murfin da ake rufe gaban lagireto da shi, sai a tayar, a ba shi 'yan mintuna har mai ya zaga, a kama hanya a hankali ba tare da danne totur ba.

Akwai kuma haƙƙin wanda ba shi da mota, kuma ni shi ya fi damu na. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa babbar tirela tana shan kusan lita 3 a kowace awa ta sulo. A-kori-kura ba ta kai haka ba, amma kowace lita ta dizal tana sakin fiye da kilo biyu da rabi na iskar kabon. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya hayaƙin dizal cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara. A gari irin Fairbanks, da ke cikin kwari, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta riƙe hayaƙin daidai hancin mutane, tururin salansa kuma ya daskare ya zama hazon ƙanƙara. Shi ya sa birnin New York ya taƙaita sulo zuwa minti 3, kusa da makaranta minti 1. Toronto ta Kanada, wadda ta kafa tata dokar tun 1996, ta rage wa'adin zuwa minti 1 a 2010.

Ban ga laifin mutumin da ke tsakiyar dajin Yukon na Kanada ba, babu soket, babu gari kusa, idan ya ƙi kashe injinsa. Wannan ransa yake karewa, muddin ya tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba, don kada hayaƙi ya dawo masa ciki. Shi ma gara ya ɗaga sulon sama, abin da motocin zamani da yawa ke yi da kansu. Amma wanda ya bar tasa tana ruri a ƙofar kanti don kawai ya tarar da kujera da ɗumi, ba shi da wannan uzuri.

Mu ma a nan muna da al'adar. Da hunturu za ka ga direban Hilux ya tayar da mota da asuba ya bar ta tana sulo har a gama karin kumallo, alhali sanyin Kano ko Damagaram bai kai ya taɓa kakin dizal ba. Minti ɗaya ko biyu sun ishe shi. Sulon da motarsa ta fi buƙata yana ƙarshen tafiya ne: bayan doguwar hanya da kaya, a ba injin kamar minti biyu ko uku kafin a kashe, domin turbo ya huce baƙin mai yana zaga shi.