Matsalar Buɗewar Folda da Kanta a Kwamfuta: Dalilanta da Hanyoyin Magance Ta

1.0 Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 2000 kwamfuta ta shiga sahun kayan aikin malamin Hausa, ta zauna kusa da alli da allo da littafi. A cikinta ake tsara darasi, a buga tambayoyin jarrabawa, a adana sakamakon ɗalibai. Ɗalibin kwalejin ilimi kuwa, a cikinta yake tara kundin bincikensa na kammala karatu. Wanda ya shiga cikin birnin Kano ya yi hira da marina a Ƙofar Mata, ko dukawa da 'yan koli a Kasuwar Kurmi, ko ya ɗauki hotunan tsofaffin takardun ajami a zauren wani malami, duk a kwamfuta yake zuba abin da ya samo. Wasu daga cikin waɗannan bayanai ba su da madadi, domin dattijon da aka ɗauki muryarsa bana, ba lalle ne a same shi baɗi ba.

Saboda haka ya wajaba ɗalibi mai koyon aikin malanta ya san ƙananan matsalolin wannan na'ura. A wannan babi za a yi bayanin ɗaya daga cikinsu, wato buɗewar folda da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Za a duba ma'anar foldar tsari, da dalilan da ke sa ta buɗe, da matakan gyara, sannan hanyoyin rigakafi.

2.0 Ma'anar Foldar Tsari

Folda ita ce ma'ajin da ake tara fayiloli a cikin kwamfuta, kamar yadda ake tara takardu a jaka. Ana iya kasa foldoji gida biyu. Kashi na farko shi ne waɗanda mai kwamfuta ya ƙirƙira don ajiye ayyukansa. Kashi na biyu shi ne waɗanda babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tanadar wa kanta, su ne ake kira foldojin tsari.

A manhajar Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ita ce aka fi amfani da ita a makarantu da shagunan buga takardu na ƙasar Hausa, fitacciyar foldar tsari ita ce System32. Mazauninta shi ne C:\Windows\System32, kuma tana ɗauke da dubban fayiloli waɗanda da su kwamfuta take tashi, take gane firinta, take fitar da sauti, take shiga intanet. Idan aka goge ta, kwamfutar ba za ta sake tashi ba sai an sake ɗora mata manhaja. Wannan ne ya sa duk shawarar da aka ji ta cewa goge System32 yana ƙara wa kwamfuta sauri, yaudara ce tsagwaronta.

3.0 Yadda Matsalar Take Bayyana

Matsalar tana zuwa ta fuskoki uku. Akwai lokacin da foldar kan buɗe sau ɗaya tak, da zarar an kunna kwamfuta. Akwai lokacin da takan buɗe a tsakiyar aiki, a rufe ta, ta sake dawowa. Akwai kuma lokacin da ba ta buɗewa sai an soka filashi ko an jona waya. Kowace fuska tana nuni ga dalili daban, shi ya sa tambayar farko da mai gyara zai yi wa kansa ita ce: yaushe foldar take buɗewa?

4.0 Dalilan Matsalar

4.1 Gurɓataccen Umarni a Jerin Farawa

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, Windows takan karanta wani jeri na manhajojin da aka umarce ta ta tayar tun da fari. Wani ɓangare na wannan jeri yana cikin kundin rajistar kwamfuta, a sashen da ake kira Run. Kowane layi a jerin yana da suna da adireshin manhajar da za a tayar. Idan aka cire wata manhaja amma cirewar ba ta kammala ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗora ta, sai a bar layi mai suna amma babu adireshi, ko mai guntun adireshi. Da kwamfuta ta zo kan wannan layi, sai ta rasa abin da za ta tayar, ta buɗe foldar System32 a madadinsa. Kamfanin Microsoft da kansa ya yi bayanin wannan dalili tun zamanin Windows NT da Windows 2000, kuma matsalar ta yawaita a Windows XP, wadda ta fito a shekarar 2001.

Wani nau'in gurɓacewar ya shafi alamar zance. Adireshin da ke da tazara a tsakiyarsa, kamar C:\Program Files, yana buƙatar alamar buɗe zance da ta rufe zance. Idan babu su, kwamfuta tana iya tsayawa a kan tazarar, ta ɗauka adireshin ya ƙare, ta buɗe wata folda da sunanta ya dace da guntun da ta karanta. Malamin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san yadda raba kalma ko haɗe ta ba bisa ƙa'ida ba yake sauya ma'ana, kamar bambancin da ke tsakanin "ma su" da "masu".

4.2 Saitin Dawo da Foldoji

A cikin zaɓuɓɓukan folda na Windows akwai wani saiti da ke umartar kwamfuta ta dawo da duk foldojin da aka bari a buɗe lokacin da aka kashe ta. Idan wani ya kunna wannan saiti a kwamfutar da mutane da yawa suke amfani da ita, kamar ta ɗakin malamai, na bayansa zai ga foldoji suna buɗewa ya zaci lalacewa ce, alhali kuwa kwamfutar umarni take bi.

4.3 Ƙwayar Cutar Kwamfuta

Filashi shi ne babbar hanyar yaɗuwar cutar kwamfuta a wannan yanki. Ɗalibi kan kai filashinsa shagon buga takardu, daga nan ya kai wa mai tura fina-finai da waƙoƙi, daga nan ya ara wa abokinsa, sannan ya dawo da shi kwamfutarsa. A da, Windows takan aiwatar da umarnin da ta tarar a wani ɗan fayil mai suna autorun.inf da ke kan filashi, kuma masu ƙirƙirar cuta sun ci moriyar wannan kafa ƙwarai. Cutar Conficker da ta ɓulla a ƙarshen shekarar 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, kuma filashi yana cikin hanyoyin da ta bi. Microsoft ya toshe wannan kafa a Windows 7 a shekarar 2009, sannan a 2011 ya aika gyaran ga masu Windows XP da Vista.

Duk da haka akwai wata cuta da ta ci gaba da addabar ɗalibai. Ita wannan takan ɓoye fayilolin da ke kan filashi, ta maye gurbinsu da alamun gajeriyar hanya masu ɗauke da sunayensu. Idan aka latsa alamar, cutar takan fara shiga kwamfuta, sannan ta buɗe foldar da ake nema don kada a yi zargi. Bayan haka sai ta rubuta sunanta a jerin farawa, kuma ko an kashe ta, layin da ta bari yakan ci gaba da buɗe folda.

4.4 Matsalar Kayan Ƙarfe

Ba kowace matsala ce daga manhaja take ba. Danna maɓallin Windows tare da harafin E yana buɗe tagar foldoji. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan cika gari, ta shige ƙarƙashin maɓallan allon rubutu. Maɓallin Windows yana iya maƙalewa, ta yadda duk sa'ad da mai rubutu ya danna E, sai taga ta buɗe. Haka nan igiyar waya ko filashin da bakinsa ya yi sako-sako yakan riƙa haɗuwa yana rabuwa, kuma kowace haɗuwa kwamfuta tana ɗaukarta a matsayin sabon sokawa, ta buɗe foldar.

5.0 Matakan Gyara

Ƙa'idar gyara ita ce a fara da mai sauƙi kafin mai wuya, kuma a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a sake kunna kwamfuta a ga sakamako. Wanda ya sauya abubuwa biyar a tare, ko da matsalar ta tafi, bai san wanne ne maganin ba.

Mataki na farko shi ne a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani ma'aji na daban kafin a taɓa komai.

Mataki na biyu, a zare duk abin da aka jona: filashi, waya, firinta da allon rubutu na waje. Idan matsalar ta tsaya, sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Allon rubutu mai ƙura ana kifa shi a kaɗe, a share shi da burushi mai laushi bayan an kashe kwamfuta.

Mataki na uku, a shiga zaɓuɓɓukan folda a duba saitin dawo da foldoji, a kashe shi idan a kunne yake.

Mataki na huɗu, a binciki kwamfutar da filashin da manhajar kashe cuta wadda aka sabunta. Tun daga Windows 8 ta shekarar 2012, irin wannan manhaja mai suna Defender tana zuwa a cikin Windows, ba sai an saya ba. Idan cuta ta ɓoye fayilolin filashi, kada a yi gaggawar wanke shi, domin fayilolin suna nan. Ana dawo da su da umarnin attrib -h -r -s /s /d, a biyo shi da harafin filashin, misali E:\*.*, a cikin baƙar tagar umarni.

Mataki na biyar, a duba jerin farawa. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta shell:startup, a cire duk baƙuwar alama da aka gani. Sannan a duba babban jerin: a Windows XP da 7 ta hanyar rubuta msconfig, a Windows 8 zuwa sama ta hanyar danna Ctrl da Shift da Esc. Idan ba a gane layin da ya gurɓace ba, a dakatar da rabin jerin a sake kunnawa. In matsalar ta tafi, mai laifin yana cikin rabin da aka dakatar. In tana nan, yana cikin ɗaya rabin. Da haka jeri mai layi 16 ba zai wuce gwaji 4 ba.

Mataki na shida shi ne shiga kundin rajista da umarnin regedit, a goge layin da ba shi da adireshi a sashen Run, ko a sa alamar zance inda babu. Wannan mataki yana da haɗari, domin kundin rajista ba ya tambayar ko a adana sauyi, nan take yake aiwatarwa. Dole a fitar da kwafin sashen kafin a taɓa shi. Wanda bai ƙware ba ya nemi jami'in ɗakin kwamfuta na makarantarsa, don gudun gyaran gangar auzinawa.

Ya kamata a lura cewa sake ɗora manhaja gaba ɗaya shi ne matakin ƙarshe. Wasu masu gyara sukan fara da shi saboda ya fi musu sauri, amma yana iya tafiya da duk abin da ke cikin kwamfutar. Har da rubutun Hausa yana iya shafa: takardar da aka buga da tsofaffin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, idan aka buɗe ta a kwamfutar da babu su, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma wasu alamu daban.

6.0 Rigakafi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malami zai kare kansa idan ya kiyaye waɗannan abubuwa. Ya ajiye kowane muhimmin aiki a wuri biyu ko uku, ɗaya daga ciki a akwatin imel ko wani ma'ajin intanet. Ya keɓe filashi guda don kai aiki shago, kada ya zuba masa abin da ba shi da kwafinsa. Ya riƙa cire manhaja ta hanyar da aka tanada, ba ta goge foldarta ba. Ya rufe kwamfuta da ƙyalle a lokacin ƙura. Ya kuma san matsayin manhajarsa: Microsoft ya daina aika gyaran tsaro ga Windows XP a Afrilun 2014, ga Windows 7 a Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kan tsohuwar manhaja tana buƙatar ƙarin taka-tsantsan wajen filashi da intanet.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa buɗewar folda da kanta alama ce, ba ita ce ainihin cutar ba. Tana iya fitowa daga gurɓataccen layi a jerin farawa, ko saiti, ko ƙwayar cuta, ko ƙurar da ta maƙale maɓalli. Hanyar da aka bi wajen gano dalilin, wato lura da tambaya da gwaji ɗaya bayan ɗaya, ita ce dai hanyar da malami yake bi idan yaro ya kasa karatu: yakan binciki ko idonsa ne, ko kunnensa, ko darasin, kafin ya yanke hukunci.

8.0 Tambayoyi

1. Mene ne bambancin foldar tsari da foldar mai kwamfuta?
2. Kawo dalilai huɗu da ke sa folda ta buɗe da kanta, tare da bayanin biyu daga ciki.
3. Me ya sa sake ɗora manhaja ya zama matakin ƙarshe?
4. Jeri yana da layi 32. Gwaji nawa ake buƙata don gano gurɓataccen layi ta hanyar rabawa biyu?
5. Tsara darasi na minti 40 ga ɗaliban ƙaramar sakandare a kan kula da filashi.