Mai hoton da ba ya cewa "ku tsaya": Abin lura kafin a ɗauke shi aikin biki

A wani ɗaurin aure da muka halarta a cikin birnin Kano bayan an sauko daga Juma'a, mun lura da wani matashi rataye da kyamarori biyu yana ratsa jama'a a nutse. Bai ce wa kowa ya gyara hula ba, bai jera dangi a sahu ba, bai kuma tsayar da liman don ya sake shafa fatiha ba. Lokacin da wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, sanƙira ya ɗaga murya yana shelanta wa jama'a, shi yana gefe yana aikinsa. Bayan 'yan makonni ango ya nuna mana abin da aka ɗauko: mahaifin amarya yana share ƙwalla da hannun babbar rigarsa, wani dattijo ya ɗaga tafukansa yana addu'a, yara suna wawar dabino da alawa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san an ɗauke shi.

Wannan rashin sanin shi ne ya ba hotunan armashi, kuma shi ne ya sa muka ga ya dace a tattauna batun ta fuskar addini. Abin da ya yi kyau a ƙofar masallaci, a tsakanin maza, yana iya zama abin nadama idan aka shiga da shi cikin gida, inda mata suka saki jiki.

Mene ne wannan salo?

Mun saba da mai hoton da ke tsara mutane: a tsaya nan, a kalli can, a yi murmushi. Shi kuwa wannan salo daga aikin jarida aka aro shi. Mai hoton yana ɗaukar kansa a matsayin ɗan rahoto, yana bin biki daga farko zuwa ƙarshe, yana kama abin da ya faru yadda ya faru, ba tare da ya sa baki ba. Masu wannan sana'a sukan danganta tushen tunaninsu ga irin su Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da littafin hotunansa na shekarar 1952 ya yaɗa ra'ayin jiran daƙiƙar da ta fi kowace ma'ana kafin a latsa kyamara. A Amurka kuma salon ya shiga harkar bukukuwan aure sosai tun daga shekarun 1980, kafin kyamarar zamani da Instagram su kawo shi garuruwanmu.

Kayan aikinsa ma sun dace da manufarsa. Yakan riƙe kyamara mai gilashin da ke janyo nesa kusa, ta yadda zai ɗauki fuskar mutum daga can ƙarshen zaure, kuma kyamarori da yawa na yanzu suna ɗauka ba tare da ƙara ba. A yini guda yakan tara ɗaruruwan hotuna, wani lokaci dubbai, sannan ya koma ya zaɓi kaɗan ya gyara.

Dole mu yi wa salon adalci. Ba ya buƙatar a haɗa saurayi da budurwa kafin ɗaurin aure suna riƙe juna a gaban kyamara, abin da malamai suka daɗe suna tsawatarwa a kai. Ba ya cinye lokacin baƙi da na sallah wajen jera mutane. Abin da yake adanawa kuma gaskiyar ranar ce.

Matsayin malamai a kan hoto

Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai sun tabbata a Bukhari da Muslim. Inda malamai suka saɓa shi ne ko hoton kyamara ya shiga cikin wannan gargaɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, surar da aka haramta ita ce mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki. Wadda aka zana a kan takarda ko bango kuwa hukuncinta bai wuce karhanci ba.

Da kyamara ta bayyana, Sheikh Muhammad Bakhit Al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar kuma ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hotonta, da hujjar cewa kama inuwar halittar Allah ne kamar yadda madubi ke yi. Sheikh Yusuf Al-Ƙardawi ya bi wannan fahimta. Sheikh Abdul'aziz bin Baz da Sheikh Nasiruddin Albani kuwa sun hana, sai don lalura irin ta fasfo da katin shaida. Sheikh Ibn Usaimin ya ga cewa hoton kyamara ba ya cikin surantawar da aka hana, amma ya rataya hukuncinsa a kan manufarsa, kuma ya tsananta a kan ajiye hoto don tunawa kawai.

Saboda haka wanda ya ce ba ya son hoto a bikinsa yana da magabata, bai kamata dangi su ɗauke shi mai tsaurin kai ba. Wanda kuma ya ɗauki fatawar halacci ya sani cewa waɗanda suka halatta ba su halatta a ɗauki abin da bai halatta a kalla ba.

Inda gizo ke saƙar

Bikin Bahaushe ba a fili kaɗai ake yin sa ba. Akwai kamu, akwai sa lalle, akwai wunin mata, akwai kai amarya da buɗar kai. A waɗannan wurare mata suna cire mayafi, suna kwalliya, suna shayar da jarirai, suna barkwanci da juna, saboda sun amince cewa babu baƙon ido. Mai hoton gargajiya aƙalla yakan yi gyaran murya, mace ta ja gyalenta ko ta kauce. Gwanintar wannan kuwa ita ce kada a ankara da shi.

Alƙur'ani ya umarci muminai, a aya ta 27 ta Suratun Nur, da neman izini kafin shiga gidajen da ba nasu ba, ya kuma umarci maza da mata da runtse gani a ayoyi na 30 da 31. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat an hana bin diddigin sirrin mutane. Akwai kuma hadisin Abdullahi bin Mas'ud (RA) a cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya hana mace ta siffanta wata mace ga mijinta har ya zama kamar yana kallonta. Idan an hana siffantawa da baki, to ina ga hoton da zai faɗa wayar maza ɗari kafin gari ya waye?

Sau da yawa ma wadda abin zai shafa ba amarya ba ce. Matar wani ce da ta zo taya murna, ko budurwar da ke jiran nata auren. Ango da amarya suna iya yafe haƙƙinsu, amma ba su da ikon yafe na baƙinsu. Hoton da ya hau intanet kuwa ba a iya janye shi gaba ɗaya, kuma a yau akwai manhajojin da ke ɗaukar fuskar mutum su ɗora ta a kan abin da bai taɓa aikatawa ba.

Wa za a ɗauka?

Ma'aunin yana cikin aya ta 26 ta Suratul Ƙasas, inda 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki saboda siffofi biyu: ƙarfi da amana. Ƙarfi a nan shi ne ƙwarewa. A nemi ya nuna aikin biki guda cikakke, domin zaɓaɓɓun hotuna goma da ya ɗora a shafinsa ba sa nuna yadda yake aiki a ɗaki mai ƙarancin haske ko a cikin cunkoso. Amana kuwa shafin nasa ma yana iya tona ta. Idan ya cika shi da hotunan matan mutane cikin kwalliya, to abin da ya yi wa wasu shi zai yi mana.

Shawararmu ita ce a raba aikin biyu: namiji ya ɗauki ɗaurin aure da walimar maza, mace ta ɗauki shagalin mata. Mata masu wannan sana'a suna ƙaruwa a manyan garuruwanmu. Sai dai a tambaya: wa zai tace hotunan ya gyara su? Idan mace ta ɗauka sannan ta miƙa wa maza a shago, an gudu ne ba a tsira ba.

A rubuta yarjejeniya

Ɗaukar mai hoto ijara ce, kuma Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa ijara tana halatta idan an yanke mata wa'adi an kuma ambaci lada. Don haka a fayyace ranaku da sa'o'in aiki, yawan hotunan da za a karɓa, ranar da za a karɓe su, da kuɗin da za a biya.

A kan kafin alƙalami, Malikiyya ba su yarda da wanda mai aiki zai cinye idan an fasa ba, Hanbaliyya sun yarda, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Burunai a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Tunda ana ɗage biki, wani lokaci ma a fasa, ya kamata a yi maganar makomar kuɗin tun farko.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne na yaɗawa. A dokar haƙƙin mallaka, asali wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi, sai idan an yi yarjejeniyar da ta sauya haka. Saboda haka a rubuta ƙarara cewa ba zai ɗora ko hoto ɗaya a intanet ba, ba zai yi tallar sana'arsa da shi ba, sai da izini. A rubuta ɗakunan da ba zai shiga ba, da cewa zai ajiye kyamara idan an tayar da sallah, da cewa zai goge abin da ke hannunsa bayan ya miƙa aiki. A kuma sanar da baƙi cewa akwai mai hoto, a ware wa waɗanda ba sa so wurin zama. Idan hotuna sun iso, wata dattijuwa ko 'yar'uwa mai hankali ta fara duba na mata kafin kowa ya gani.

Shi ma mai hoton yana da haƙƙi. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alƙawura, kuma a hadisin Abu Huraira (RA) a Bukhari, wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa yana cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Mutumin da ya wuni a tsaye, ya kwana yana gyara, bai cancanci a yi ta ja masa rai a kan ragowar kuɗinsa ba.

Batun kuɗi

Wannan salo yakan fi tsada saboda yawan sa'o'in da yake ci. Annabi (SAW) ya umarci Abdurrahman bin Auf (RA) da yin walima ko da da akuya ɗaya ce, mafi ƙarancin sadaki a wurin Malikiyya kuma rubu'in dinari ne. Addinin da ya sauƙaƙa ginshiƙan aure haka ba zai so a ci bashi don abin da ba farilla ba ne, ba kuma sunna ba. Mai hali ya yi daidai halinsa ba tare da almubazzaranci ba. Wanda ba shi da shi ya ɗauki mai hoton na sa'o'i biyu ko uku na ɗaurin aure, ko ya haƙura, aurensa bai ragu da komai ba.

Musulunci ya so a bayyana aure don a bambanta shi da ɓarna, kuma shaidu da walima sun wadatar wajen wannan. Hoto ƙari ne da muke yi don kanmu da 'ya'yanmu. Idan za mu yi shi, mu tabbatar duk matar da ta zo taya mu murna ta koma gidanta da mutuncinta kamar yadda ta zo da shi. Allah Ya sanya albarka a aurarrakinmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.