MU'UJIZA DA ASIBITI: Tsohuwar Muhawarar Kirista Kan Warkarwa

Daga Wakilinmu

Garin Illela, wanda ke kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, shi ne zango na ƙarshe kafin matafiyi ya tsallaka zuwa Birnin Ƙwanni a Jamhuriyar Nijar. An fi saninsa da kasuwarsa ta dabbobi da hatsi, da kuma manyan motocin da ke jerin gwano a bakin iyaka. Mafi yawan mazaunansa Musulmi ne, amma ciniki da aikin gwamnati sun kawo masa Kirista daga sassa dabam-dabam na Nijeriya, cikinsu akwai 'yan kasuwa, da ma'aikatan kwastan, da na shige da fice, da 'yan sanda, da malaman makaranta.

Ban da fatake da dillalai, akwai wani ayari da ya daɗe yana bin wannan hanya, watau ayarin marasa lafiya. Shekara da shekaru mutanen ƙasar Sakkwato suna ratsa Illela da Ƙwanni, su karkata gabas zuwa Galmi, inda wata ƙungiyar 'yan mishan mai suna SIM ta buɗe asibiti a 1950. Abin lura shi ne, waɗanda suka gina wannan asibiti mutane ne da suka yi imani cewa Allah yana warkarwa ta hanyar addu'a, amma duk da haka suka zaɓi su kawo likita da ɗakin tiyata. A wani gefen kuma, akwai majami'un da suka ɗora wa'azinsu bisa alkawarin mu'ujiza, suna cewa makaho zai gani, gurgu zai miƙe, bakarariya za ta haihu. Muhawara tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ta haura shekara 100 a cikin Kiristancin Nijeriya, kuma ya kamata mai karatu ya san asalinta, domin abin da ke cikinta ya shafi ran majiyyaci da zaman lafiyar maƙwabta.

MA'ANAR KALMAR

Malaman Musulunci sun bambanta mu'ujiza, wadda ta keɓanta ga annabawa, da karama wadda Allah ke ba waliyyai, sa'an nan suka ware sihiri da istidraji a gefe guda. Kirista masu jin Hausa kuwa, waɗanda suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensu tun 1932, suna amfani da kalmar mu'ujiza ko al'ajibi ga duk wani aikin Allah da ya saɓa wa al'ada, ko a zamanin manzanni ya faru ko a yau. Wannan bambanci na ma'ana ƙarami ne a baki, amma yakan jawo rashin fahimta. Idan Bamusulme ya ji an ce wani mai wa'azi zai yi mu'ujiza, abin da ke zuwa masa a rai shi ne da'awar annabci, alhali mai maganar yana nufin addu'ar neman waraka ne.

Dukan ɗarikun Kirista sun yarda cewa Yesu Almasihu, watau Annabi Isa, ya warkar da makafi da kutare, ya kuma ta da matattu, abin da Musulmi ma suka gaskata cewa ya auku da izinin Allah. Kazalika Wasiƙar Yaƙub ta umurci dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a su shafa masa mai. Inda aka rabu shi ne kan tambayoyi biyu: shin wannan baiwa tana nan a hannun wasu mutane har yanzu, kuma shin mai neman ta yana iya shan magani?

DARASIN DA ZAZZAƁI YA KOYAR

A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar isa ƙasar Hausa. Kafin shekara ta zagayo sosai, biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya: Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, duka a 1894. Bingham, wanda shi ma zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashewa, shi ne ya rayu ya kafa ƙungiyar SIM.

A wancan zamani akwai wata koyarwa da ta yi ƙarfi a Amurka da Kanada, mai cewa shan magani alama ce ta raunin bangaskiya, har wasu 'yan mishan da suka zo Afirka ta Yamma suka ƙi shan kwinin, suka mutu. A 1921 Bingham ya wallafa littafi kan matsayin Littafi Mai Tsarki game da lafiyar jiki, inda ya yi raddi ga wannan koyarwa. Ra'ayinsa shi ne Allah yana warkarwa yadda ya ga dama, wani lokaci ta addu'a kaɗai, wani lokaci ta hannun likita, kuma ba wanda ke da ikon ɗaukar wa mara lafiya alkawari a madadin Allah.

Wannan ra'ayi shi ne ya tsara aikin ƙungiyar a ƙasar Hausa. Tun da Turawan mulki sun taƙaita wa'azin Kirista a masarautun Musulmi, ƙofar da ta buɗe wa 'yan mishan ita ce ta jiyya. A ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa SIM kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a kusa da Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano. A ƙetaren iyaka ta zauna a Damagaram a 1924, da Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya ta kafa asibitin Galmi da na kutare a Danja. Majami'un da suka fito daga wannan aiki, watau ECWA a Nijeriya da EERN a Nijar, sun gaji wannan taka-tsantsan. Suna yi wa majiyyaci addu'a a bakin gadonsa, amma sun daɗe suna ɗari-ɗari da masu shelar warkarwa a bainar jama'a.

Abin mamaki kuwa, kuturta da makanta, cututtukan nan biyu da aka fi ambata cikin labaran mu'ujiza, su ne 'yan mishan suka fi ba da ƙarfi a kansu. Da maganin dafson ya samu a wajen shekarun 1950, kana Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a farkon shekarun 1980, sai kuturta ta zama cutar da ake warkewa daga gare ta cikin watanni.

GUGUWA DAGA KUDU

Ɗaya hanyar kuwa daga ƙasar Yarbawa ta taso. Lokacin annobar mura ta 1918, da asibitocin Turawa suka gaza, wasu Kirista a Ijebu-Ode suka kafa ƙungiyar addu'a wadda ta yi watsi da magani, na Bature da na gargajiya. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne aka sami majami'un da ake kira Aladura, ma'ana masu addu'a. A 1925 Moses Orimolade da Christiana Abiodun suka kafa Kerubim da Serafim, masu fararen riguna. A 1930 wani tsohon direban injin daɓe hanya, Joseph Ayo Babalola, ya yi wa'azi a Ilesha wanda ya tara dubban mutane, ana kawo masa ruwa yana yi masa addu'a, jama'a suna zubar da layu da guraye.

A nan ma kwinin ya sake raba kan mutane. Mabiyan wannan farkawa sun haɗa kai da wata majami'a ta Ingila, amma da suka gano cewa Turawan da aka aiko musu suna shan kwinin, sai suka ɓalle a wajen 1940, suka kafa majami'ar da ake kira CAC. Ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan tireda ne suka kawo waɗannan majami'u Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna da Gusau, daga nan suka bi hanyar mota zuwa sauran garuruwa.

Daga shekarun 1970 sai aka sami sabon salo, na 'yan Fentikos masu ilmin zamani, waɗanda suka iya amfani da lasifika da rediyo da talabijin. Benson Idahosa na Binin, wanda ya rasu a 1998, shi ne jagoransu na farko. Majami'ar David Oyedepo, wadda aka fi sani da Winners, a Kaduna ta yi ƙarfi a shekarun 1980 kafin ta mai da hedkwatarta Ikko. Waɗannan ba su cika hana shan magani ba, amma sun faɗaɗa ma'anar mu'ujiza har ta haɗa da samun aiki, da aure, da haihuwa, da kuɓuta daga mayu da aljannu. Masana sun lura cewa sirrin karɓuwarsu shi ne sun ɗauki tsoron da talaka ke yi wa sammu da iskoki da muhimmanci, abin da majami'un mishan suka daɗe suna kau da kai daga gare shi.

ABIN DA YA FARU A KANO DA MARAƊI

Ranar da wannan al'amari ya fito fili a Arewa ita ce 14 ga Oktoba, 1991. Reinhard Bonnke, wani mai wa'azi Bajamushe da ya tara ɗimbin jama'a a Kaduna a 1990, ya sami gayyata zuwa Kano. An cika gari da takardun talla, har da na Hausa, ana shelar wa'azi da warkarwa. Musulmi da dama sun fusata, musamman da yake sun ce an hana Shehu Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Zanga-zangar da aka fara ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa, aka soke taron, Bonnke kuma bai sake yin wa'azi a Nijeriya ba sai a 1999. Ya rasu a 2019.

Haka nan a Maraɗi, cikin Nuwamba 2000, masu zanga-zangar ƙin wani bikin nuna tufafi da aka shirya a Yamai sun kai hari kan majami'ar 'yan Fentikos ta Vie Abondante, wadda ta yi suna da wa'azin Hausa a rediyo. Wata malamar tarihi Ba'amurkiya, Barbara Cooper, ta yi nazarin wannan lamari a littafin da ta wallafa a 2006 kan Kiristan Maraɗi. Babu wani uzuri ga mai kisa ko ƙone-ƙone, amma abubuwan biyu sun nuna cewa yadda ake tallata wa'azi a garin da addinai suka cuɗanya yana iya zama makami a hannun masu neman fitina.

WA ZAI TANTANCE?

Tambayar da ta rage ita ce ta shaida. Ɗarikar Katolika, wadda ta sami cikakkiyar dayosis a Sakkwato a 1964, tana da tsari mai tsauri. A Lourdes ta ƙasar Faransa akwai ofishin likitoci tun 1883 da ke binciken masu cewa sun warke, kuma daga cikin da'awa fiye da 7,000, waɗanda aka amince da su ba su kai 80 ba. Sharuɗɗan sun haɗa da tabbatar da cutar tun farko, da warkewa farat ɗaya, da ɗorewar lafiyar, da rashin wani bayani na likitanci. Sai da aka bi irin wannan bincike kafin Paparoma John Paul na Biyu ya ɗaga darajar Fada Cyprian Tansi a kusa da Onitsha a watan Maris 1998.

Ita ma gwamnati ta sa baki. A 2004 Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa ta hana watsa shirye-shiryen mu'ujizar da ba a iya tabbatarwa ba. Sai dai masu wa'azin suka koma tashoshin tauraron ɗan Adam, daga baya kuma intanet da wayar hannu, inda hannun hukuma bai cika kaiwa ba. A Janairun 2024 wani binciken BBC ya kawo shaidar tsofaffin almajiran T.B. Joshua na Ikko, wanda ya rasu a 2021, suna zargin cewa ana shirya wasu warkarwar ne tun kafin a ɗauki hoto. Majami'ar ta yi watsi da zarge-zargen.

Ga mazaunin gari irin Illela, wannan magana ba ta malaman tauhidi kaɗai ba ce. Mai tarin fuka da ya ajiye ƙwayoyinsa kafin cikar wata 6, ko mai cutar ƙanjamau da ya daina shan maganinsa don an ce masa ya warke, ko mace mai naƙuda da aka tsare a ɗakin addu'a har lokaci ya ƙure, duk rayuwarsu ce ke kan siraɗi. Haɗarin kuma bai tsaya ga mabiya addini ɗaya ba, domin mai neman lafiya ba ya tambayar ƙofar wa ya ƙwanƙwasa. Akan ga mutum guda ya je wurin boka, ya karɓi rubutun sha, ya nemi addu'ar fasto, sa'an nan ya isa asibiti bayan cuta ta ci ƙarfinsa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba wanda zai hana mai imani roƙon Ubangijinsa, kuma ba aikin hukuma ba ne ta auna bangaskiyar mutane. Abin da ya wajaba a kan shugabannin majami'u da ƙungiyar CAN shi ne su tsawata wa duk wanda ke hana majiyyaci magani ko yake karɓar kuɗi da sunan warkarwa, su kuma buƙaci duk mai shelar ya warke ya koma wurin likitan da ya fara duba shi. Sarakuna da hukumomin ƙananan hukumomi kuwa, hakkinsu ne su zauna da ɓangarorin biyu kafin kowane babban taron wa'azi, a daidaita wuri da lokaci da kalmomin talla, domin kada abin da ya faru a Kano a 1991 ya sake faruwa a ko'ina.