Kakkarwar Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gano Ciwon Silo a Injin Injakta

Akwai wata lalura da masu tsofaffin motoci suka san ta sarai. Mota tana tafiya lafiya lau a kan babban titi, amma da zarar an tsaya a danja aka ɗaga ƙafa daga totur, sai jikinta ya ɗauki kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Allurar da ke nuna juyawar inji ta riƙa hawa da sauka, wani lokaci ma injin ya mutu a tsakiyar mararraba. Kanikawa kan ce silo ya lalace. Silo shi ne gudun da inji yake yi shi kaɗai sa'ad da mota take tsaye, wato kimanin juyi 700 zuwa 800 a minti ɗaya idan ya ɗauki zafi.

Maganin da aka fi gaggawar yi shi ne a murɗa wani kusa a ƙara silon. Wannan ɗabi'a gado ce daga zamanin kafireta. Da yawa daga manyan kanikawa a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, kuma a irin wannan inji kusoshi biyu ke daidaita mai da silo. Amma motocin da suka kwararo daga Turai da Amurka tun shekarun 1990 yawancinsu masu injakta ne, kuma wata 'yar kwamfuta ce, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, take yanke hukunci a kan silonsu. Ƙara wa irin wannan inji silo daidai yake da ba mai maleriya maganin ciwon kai: zafin ya lafa, ƙwayar cutar tana nan a jini.

Numfashin Inji

Ɗalibin kimiyyar halittu ya san cewa ƙwayar halitta tana ƙona sukari da iskar oksijin don ta sami kuzari. Inji ma haka yake yi da fetur, sai dai shi ba ya yarda da kintace. Kowane kilo 1 na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus, wato kusan lita 9,000 ta iska ga lita ɗaya ta mai. Don kiyaye wannan awo, ƙwaƙwalwar mota ta dogara ga wasu ƙananan na'urori da ake kira sansa, waɗanda suke mata aikin gaɓoɓin ji. Ɗaya tana auna iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwan inji, ɗaya buɗewar totur. Wata kuma tana zaune a bakin salansa tana sansanar ragowar oksijin a cikin hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, aka fara sa ta a motar Volvo a 1976.

Me ya sa to ciwon ba ya bayyana sai a tsaye? Dalili biyu ne. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 750 a minti yana tashin wuta sau 25 ne kacal a daƙiƙa. Idan silinda ɗaya ta yi fashi, rubu'in ƙarfin ya tafi, kuma babu saurin da zai rufe giɓin. Na biyu, a lokacin silo ƙofar totur a rufe take, inji yana shaƙar iska ne ta wata 'yar siririyar hanya da bawul ɗin silo yake buɗewa yana rufewa. Tun da iskar kaɗan ce, kowace 'yar kafa da ta saci iska sai ta zama babban lamari.

Ɓarauniyar Iska

A nan ya kamata bincike ya fara, domin a nan aka fi kama mai laifi, kuma gyaransa ya fi kowane araha. Tsakanin totur da silindodi akwai bututun raba iska, wato manifol, kuma ƙananan tiyo na roba da yawa suna manne da shi. Roba mai shekara talatin, wadda ta sha zafin inji da bushewar hunturu, tsagewa take yi. Tsagar da ido ba ya gani ta isa ta hana inji sakat.

Abin sha'awa shi ne alamar ta danganta da yadda motar take auna iskarta. Motocin da ke auna ta tun daga ƙofa, kamar masu tsarin L-Jetronic na Bosch da ya fito a 1974, ba su san da iskar da ta shigo ta bayan gida ba. Sai ƙwaƙwalwa ta ba da mai daidai iskar da ta ƙirga, man ya yi kaɗan, inji ya riƙa shessheƙa yana neman mutuwa. Amma Honda Accord ta 1990 zuwa 1993, matsin iskar cikin manifol take aunawa, don haka tana ganin ɓarauniyar iskar, ta kuma ƙara mata mai. Silo sai ya haura. Da ƙwaƙwalwa ta ga gudu ya yi yawa alhali totur a rufe yake, sai ta yanke mai, inji ya sauko, ta sake saki, ya sake haurawa. Wannan hawa da sauka mai kama da numfashin mai barci, ba lalacewar ƙwaƙwalwa ba ce. Aikinta take yi daidai a kan labarin da ta samu.

Ana neman kafar da kunne, domin takan yi 'yar ƙara kamar huci, ko a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ana matsewa ana sauraron canjin murya. Wasu kan fesa man wanke kafireta a gaɓoɓin manifol, inda gudun inji ya canja nan kafar take. Dabarar tana aiki, amma man yana kama wuta, kuma ba aikin yara ba ne.

Idan babu kafa, sai a duba akasinta, wato toshewa. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sukan haɗu su yi danƙo a bakin totur da cikin bawul ɗin silo. Wankewa kawai takan wadatar.

Sansa Mai Faɗin Gaskiya, Inji Mai Sanyi

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejoji: cire tamostat daga kowace motar da ta shigo daga waje, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne mai tsada. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, kimanin digiri 80 zuwa 90, kamar yadda jikin ɗan Adam yake tsare kansa a digiri 37. Idan aka cire shi, musamman da asubahin hunturu, sansar ruwa takan ci gaba da shaida wa ƙwaƙwalwa cewa inji da sauran sanyi, ita kuwa ta ci gaba da ɗura masa mai. Sakamako: fulogi ya yi baƙi ƙirin, salansa ta yi warin ɗanyen fetur, silo ya rikice, aljihu ya rame. A Accord ɗin da aka ambata, ko iska ce ta maƙale a hanyar ruwa bayan an wanke lagireto, ta isa ta sa silo hawa da sauka.

Ita kanta sansar ruwa ana iya gwada ta da mita. Turjiyarta ga lantarki tana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa, daga kusan om 2,500 a digiri 20 zuwa kusan 300 a digiri 80. Malamin fiziks zai iya nuna wa ɗalibai wannan da tsohuwar sansa, da tukunyar ruwan zafi, da ma'aunin zafi.

Motar kuma takan faɗi ciwonta da bakinta in an tambaye ta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket iri ɗaya da ake jona na'urar bincike. Waɗanda suka girme wannan suna da nasu yaren. A Accord ta 1990 zuwa 1993, idan aka haɗa bakin wani ɗan soket mai waya biyu da ke ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja, aka murɗa makulli, fitilar gargaɗin inji takan yi ƙifce: dogo yana nufin 10, gajere 1. Lamba 1 sansar oksijin ce, 6 ta zafin ruwa, 14 kuwa bawul ɗin silo. Sai dai lambar tana nuna unguwar da ɓarnar take ne kawai; sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya yi tsatsa, sansar lafiyarta ƙalau.

Wuta, Mai da Matsi

Idan kakkarwar mai tsari ce, tana bugawa daidai kamar ganga, to wata silinda ce ta daina aiki. Ana gano ta ta hanyar cire wayar injakta ɗaya bayan ɗaya inji na tafiya. Wadda aka cire gudun ya ragu, lafiyayyiya ce; wadda aka cire babu abin da ya canja, ita ce mara lafiya. Daga nan sai a musanya fuloginta da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi fulogi, magana ta ƙare. In ya tsaya, sai a duba waya da injakta, wadda bakinta ƙanƙane ne ainun, dattin man bumburutu kuma ba ya masa wuyar toshewa.

Duk wannan gwaji a sarari ake yin sa. Injin da mai ya yi masa yawa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama himogulobin na jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Rufaffen gareji da inji a kunne ya sha kashe mutane.

Wani lokaci kuma injin ba shi da laifi ko kaɗan. Idan allura tana tsaye cak amma jikin mota yana rawa, robobin da inji yake zaune a kansu ne suka mutu.

Abin da ake barin sa ƙarshe shi ne auna matsin kowace silinda, saboda amsarsa ce mai tsada. Ana kwance fulogi a ɗaura ma'auni a gurbinsa, a juya inji da sitata. Silindar da ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tana yoyo. Sai a ɗiga mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. Idan matsin ya tashi, zoben fistan ne ya cinye, man ya like giɓin na ɗan lokaci. Idan bai motsa ba, bawul ne ko gaskit, kuma sai an buɗe kan inji.