Ƙarin Ciki Da Ba Ya Son Wuƙa

A ranar 27 ga Nuwamba 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da nirogacestat, magani na farko da ta taɓa amincewa da shi musamman don ƙarin da likitoci ke kira desmoyid. Inda labarin ya iso, mutane suka ɗauke shi a matsayin an samo sabon maganin ciwon daji. Ba haka abin yake ba. Desmoyid ba ya yaɗuwa zuwa hanta ko huhu kamar yadda daji ke yi. A inda ya tsiro yake zama, sai dai yana kutsawa cikin tsoka da jijiyoyin da ke kewaye da shi. Idan a cikin ciki ya fito, yana iya shaƙe hanji ko ya danne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Cuta ce da ba kasafai ake gani ba, mutum ƙalilan ne cikin miliyan ke samunta a shekara, kuma mata masu shekarun haihuwa sun fi yawa.

Tarihinta ma da mata ya faro. A 1832 wani likitan tiyata na Gilasgo, John MacFarlane, ya bayyana ƙululu mai tauri a bangon cikin matan da suka haihu. A 1838 Bajamushe Johannes Müller ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi har yau. Sai a farkon shekarun 1950 Eldon Gardner, masanin gadon halitta a jihar Yuta ta Amurka, ya bi diddigin wani babban dangi da ɗaruruwan ƙananan tsiro ke cika musu babban hanji, tare da wasu ƙarurruka a ƙashi da fata. Daga baya aka gane cewa masu wannan ciwon gado, wanda ke kai wa ga dajin hanji in ba a tare shi ba, su ne desmoyid ya fi addaba a can cikin ciki. Sau da yawa ma bayan an yi musu tiyata yake tsirowa.

Wannan ne ya sa aka fara zargin wuƙar kanta. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce a yanke ƙarin da faɗi, har da naman lafiya na gefensa. Aka yanke, ya dawo. Aka sake yankewa, ya dawo a bakin tabon. Wasu suka rasa dogon yanki na hanji, suka ƙare rayuwa abinci ba ya kama jikinsu. Likitocin Faransa da Italiya ne suka yi ƙarfin halin zuba ido kawai, sai ga shi a marasa lafiya da dama ƙarin ya tsaya cak, a wasu ma ya motse da kansa. A gwajin maganin sorafenib da aka wallafa a 2018, kashi 20 cikin ɗari na waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta ƙarinsu ya ragu. A 2020 ƙungiyar ƙwararru ta ƙasa da ƙasa ta fitar da matsaya: a fara da sa ido da hoton MRI ko CT lokaci zuwa lokaci, magani ko tiyata su biyo baya in ƙarin na girma ko yana cutarwa.

Shi sabon maganin, nirogacestat, ba laifi. Cikin mutum 142 da aka gwada, ƙarin ya ragu a kashi 41 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi, sauran kuwa kashi 8. Amma ya taɓa aikin ƙwan haihuwa a kusan uku cikin huɗu na matan da ke shekarun haihuwa, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Abin da ya dame ni yana kusa da gida. Mace ta haihu, ko an yi mata aiki an ciro jariri, bayan watanni ta ji ƙululu kusa da ɗinkin. Wannan ya ce ƙaba ce, wancan ya ce ƙarin mahaifa ne, mai magani ya ce iska ce. In ta kai asibiti, 'yan uwa su ne masu matsa wa likita: a cire kawai a huta. Alhali ba wanda zai iya cewa desmoyid ne da ido ko da taɓawa. Sai an tsakuro ɗan nama da allura, masanin gwajin nama ya duba a madubin likita. In ya tabbata, sai a leƙa babban hanji da na'ura mai kyamara, domin in ciwon gadon ne, 'ya'ya da 'yan uwa ma suna buƙatar gwaji.

Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen gwajin nama. To me ya hana ma'aikatun lafiya na jihohi su tsara yadda asibitin ƙaramar hukuma zai riƙa aika samfur can, sakamako ya dawo a kan lokaci? Kwalba ce, da ruwan fomalin, da mota mai zuwa birni. Ku kuma masu jinya, duk naman da aka ciro daga jikin ɗan uwanku, kada ku karɓa a leda ku tafi binnewa kafin a gwada. Ku tambayi likita ɗakin gwajin da za a kai shi, da ranar da za ku dawo karɓar takardar sakamako.